Juyawar Ruwa a Madatsa: Yadda Masunci Zai Gane Ta, da Zurfin da Zai Sa Kalli

Duk masuncin da ya daɗe a ruwa mai zurfi irin Kainji, Shiroro, Tiga ko Bakolori ya san wannan: gurbin da kalli (ragar da ake kafawa a ruwa kifi ya maƙale a ciki) yake cika a watan Janairu, in Afrilu ya zo sai a jawo shi fayau, ko a tarar 'yan kifin da suka shiga sun mutu, sun yi fari, har sun fara tashi. Ba kifi ne ya ƙare ba, ba kuma wani ne ya yi wa gurbin asiri ba. Ruwan ne ya rabu hawa-hawa, na ƙasa ya rasa iskar da kifi ke shaƙa. Wata rana kuma sai ya birkice, na ƙasa ya dawo sama. Wannan birkicewar ita ce juyawar ruwa. Wanda ya iya gano inda ruwa mai rai ya tsaya, mataccen ya fara, shi ne zai san zurfin da zai ajiye kayansa.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin jirgi

Ruwan ɗumi ya fi ruwan sanyi rashin nauyi. Idan rana ta ƙwalle a bazara, saman tafki yakan kai digiri 29 zuwa 31 a ma'aunin Salshiyas, alhali gindinsa yana riƙe da sanyin da hunturu ya bar masa. Na ɗumin sai ya kwanta a kan na sanyin kamar yadda mai yake kwanciya a kan miya. Iska tana kaɗa na sama, tana gauraya shi, amma ba ta da ƙarfin nutsar da shi. A tsakanin biyun akwai wani siririn hawa inda zafi yake faɗuwa da sauri. A nan za mu kira shi iyakar sanyi.

Wani zai ce ai bambancin digiri 4 ko 5 ba wani abu ba ne. A ruwan ƙasar zafi babban abu ne. Bambancin nauyi tsakanin ruwa mai digiri 29 da mai digiri 30 ya ninka wanda ke tsakanin digiri 4 da 5 fiye da sau 30. Shi ya sa ɗan ratar nan ta isa ta kulle gindin madatsa na tsawon watanni.

Iskar oksijin tana shiga ruwa ta hanya biyu kawai: ta samansa inda yake haɗuwa da iska, da kuma ƙananan tsirran nan masu sa ruwa kore, waɗanda sai inda haske yake kaiwa suke aiki. Ƙasan iyakar sanyi babu ko ɗaya. Abin da ke can shi ne ruɓa: ganye, ciyawar da ruwa ya cinye, kashin dabbobi, matattun ƙwari, itatuwan da madatsa ta nutsar. Ruɓar nan tana cin iskar da ta rage har ta ƙare, daga nan taɓo ya fara fitar da gas mai warin baragurbi.

Kifi yana sakewa ya ci abinci idan oksijin ya kai miligiram 5 a kowace lita. Ƙasa da 3 yakan takura, ƙasa da 1 yawanci sai mutuwa. Ruwan zafi kuma dama ba ya ɗaukar iska da yawa: a digiri 20 yana iya riƙe kusan miligiram 9, a digiri 30 bai wuce 7 da rabi ba. Giwan ruwa da tsage su ne suka fi saurin jigata. Karfasa tana da juriya. Tarwaɗa da gaiwa kuwa suna hawowa su shaƙi iskar sama, don haka ganinsu a wuri ba shaida ba ce cewa ruwan lafiya lau yake.

Yaushe yake juyawa

Bayanin da ake yawan ji daga Amurka da Turai yana cewa tafki sau biyu yake juyawa a shekara, lokacin da ƙanƙara ta narke da lokacin da sanyi ya kusa kamawa, domin ruwa ya fi nauyi a digiri 4. Gaskiya ne a can. Ruwanmu ba ya kusantar digiri 4, saboda haka kada ka ɗauki lissafinsu ka ɗora wa Goronyo.

A arewacin Najeriya da kudancin Nijar abu biyu ne ke juya ruwa. Na farko hunturu: daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu dare yana sanyi, busasshiyar iska tana shanye zafin saman ruwa, hazo yana rage ƙarfin rana. Saman ya yi sanyi har ya zo daidai da ƙasan, sai iska ta gauraya su gaba ɗaya. Wannan juyawar a hankali take zuwa, iyakar sanyi tana ta sauka kullum har ta ɓace. Na biyu shi ne manyan hadaran farkon damina. Guguwa mai ƙarfi da ruwan sama mai sanyi suna iya birkita ƙaramar madatsa cikin dare ɗaya, a daidai lokacin da gindinta ya fi lalacewa bayan watannin bazara. Wannan ce mai kisa.

Ba kowane ruwa ne yake bin wannan tsarin ba. Tafkin Chadi da fadamun Haɗejiya da Nguru ba su da zurfi, iska tana gauraya su kusan kullum. Matsalarsu ta asuba ce, a cikin ciyawa mai kauri. Buɗaɗɗen ruwan da bai wuce mita 3 ko 4 ba da wuya ya rabu na tsawon lokaci. Wanda ya haura mita 8 zuwa 10 zai rabu. Sai dai kududdufi mai zurfin mita 3 da tudu ko itatuwa suka kare shi daga iska, shi ma yana rabuwa, kuma ya fi kowa saurin kashe kifi.

Kainji, wadda aka kammala a 1968, tana da nata hali. Kogin Kwara yana kawo mata ambaliya biyu: farin ruwa mai laka na damunar gida, daga Agusta, da baƙin ruwa garai-garai da ke tahowa daga tsaunukan Gini ya iso cikin hunturu. Ruwanta yana ficewa sabo ya maye gurbinsa kusan sau huɗu a shekara, don haka rabuwar ba ta daɗewa sosai. An fi ganinta daga Fabrairu zuwa Mayu, kuma ta fi ƙarfi a kudu, wajen bangon madatsa inda ya fi zurfi, ba a shimfiɗaɗɗen ruwan da ke wajen Yawuri ba.

Auna da kwalba

Wata ba ya gaya maka zurfi. Sai ka auna. Kayan da ake bukata: kwalbar gilashi mai ƙaramin baki, toshiya, dutse ko ƙarfe mai nauyin kilo 1 zuwa 2, igiya mita 20 mai ƙulli a kowace mita, da ma'aunin zafi. Ban da na asibiti, domin shi daga sama da digiri 30 yake fara karatu. Nemi irin wanda masu kiwon kifi suke amfani da shi. Ban da gorar roba kuma, matsin ruwa zai lotsa ta.

Ɗaure dutsen a gindin kwalba, ka ɗaure bakin igiya a wuyanta. Auna santimita 30 daga wuyan, ka ɗaura wani ɗan zare mai tsawon santimita 10 zuwa toshiya. Idan ka toshe ka ɗaga, nauyin zai rataya a kan toshiyar, guntun igiyar da ke zuwa wuya ya saki. Sauke ta a hankali zuwa zurfin da kake so, ka fizga sau ɗaya. Toshiya za ta fita, kumfa ta taso. Jira kumfar ta tsaya, ka jawo da sauri, ka tsoma ma'auni a cikin kwalbar a inuwa, ka karanta bayan minti ɗaya. Sannan ka sansana.

Kada ka cusa toshiyar da ƙarfi. A zurfin mita 10 ruwa da kansa yana danna ta, in ka matse ta tun daga sama ba za ta fita ba.

Fara daga mita 1, ka riƙa ƙara mita biyu-biyu. Inda ka ga zafi ya faɗi da rabin digiri ko fiye a cikin mita guda, koma ka bi wurin mita-mita. Misali: mita 1 zuwa 7 duk suna tsakanin digiri 30 da 29, mita 9 ta ba da 27, mita 11 ta ba da 25 da ɗan wari. Iyakarka tana wajen mita 8. Yi awon da sassafe. Da rana saman ruwa yana yin wani zafi na wucin gadi a mita ɗaya ko biyu na farko, wanda yake rikita sabon mai awo ya ɗauka ya sami iyaka.

Kwalba tana ba da zafi da wari, ba ta ba da oksijin daidai, domin kumfar da ke fita tana sa wa ruwan iska. Wanda ba shi da na'ura sai ya tambayi kifi. Sa ƙananan kifi uku-uku irin kawara a 'yan kejin waya, ka rataye su a igiya ɗaya a mita 3, 6, 9 da 12, ka sauke a hankali, ka bar su minti 30 zuwa awa ɗaya. Kejin da ka tarar sun mutu ko sun kife, ƙasa da iyaka yake. Kada a yi gwajin da tarwaɗa.

Kayan aikinka ma suna magana. Mamari (doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa) in ya kwana ya dawo da abincin ƙugiya ba a taɓa ba, ƙugiyoyin sun yi baƙi-baƙi, to a mataccen ruwa ya kwana. Haka dutsen anga da ya fito da baƙin taɓo mai ɗoyi.

A bazara maimaita awon kowane mako, da kuma bayan kowace babbar iska.

Su a lokacin da ruwa yake rabe

Wannan lokacin yana da riba ga wanda ya gane shi, domin duk kifin tafkin an matse shi a hawan sama. Ka'idar ita ce gindin kalli ya tsaya aƙalla mita ɗaya sama da iyaka. Idan iyaka tana mita 8, kallinka kuma yana da tsayin mita 3, igiyar da za ta rataye shi daga gora ko jarka kada ta wuce mita 4. Sa gora a kowace mita 10 ko ƙasa da haka. In ka yi musu nisa, tsakiyar kallin zai yi ciki ya faɗa mataccen ruwa, kifin da ya kamu a can ya mutu da wuri ya lalace.

Mafi kyau ma shi ne ka bar tsakiyar ruwa ka nemi gangare, inda iyakar take taɓa ƙasa. Ga iyakar mita 8, bi gefen da zurfinsa yake mita 5 zuwa 7: bakin tsohuwar hanyar kogi, gefen tsibiri, hancin dutse, saman itatuwan da suka nutse. Kifin ƙasa irin kurungu da ragon ruwa, da aka kora daga zurfi, nan suke jeruwa. Gura (tarkon kifi mai kama da kwando) da mamari ma a wannan layin za a ajiye su.

Iska tana karkata iyakar. Idan ta yini tana busawa gefe ɗaya, ruwan ɗumi yana taruwa a gaɓar da take dosa, iyakar ta yi ƙasa a can, ƙananan kifi su taru, manya su biyo su. A gaɓar da iskar take fitowa kuwa ruwan ƙasa ne yake tasowa. Kallin da yake lafiya jiya a mita 6 yau yana iya zama a cikin wari. Bayan iskar ta lafa, iyakar takan yi lilo na kwana ɗaya ko biyu kafin ta daidaita, don haka a irin ranakun ƙara tazarar mita ɗaya.

Rage lokacin da kalli yake kwana. A ruwa mai digiri 30, kifin da ya mutu da magariba kafin hantsi cikinsa ya saki, mai banda ma zai karya masa kuɗi. Duba shi bayan awa 4 zuwa 6.

Ranar da ya juya

Ruwa ba ya tsami banza, kuma ba ya juyawa a ɓoye. Launinsa yana komawa ruwan ƙasa ko toka-toka ba tare da wani rafi ya shigo ba. Guntattakin baƙin taɓo da ruɓaɓɓen ganye suna yawo a sama, kumfa tana tasowa, warin baragurbi yana bin iska. Kalli yana fitowa da yauƙi da datti. Kwalba za ta tabbatar: zafin mita 1 da na mita 12 sun zama ɗaya, ko bambancinsu bai kai digiri ɗaya ba.

Abin da ya faru shi ne an haɗa ruwa mai iska da marar iska, ga kuma ruɓar da ta taso tana ci gaba da cinye abin da ya rage. Idan mataccen hawan ya fi mai ran yawa, iskar tafkin gaba ɗaya tana iya faɗuwa ƙasa da abin da kifi zai jure. Sai a gan su da asuba a sama suna haki.

A kwanakin nan kifi ba ya cin ƙugiya. Zuba mamari a tsakiyar ruwa asarar abinci ce da man jirgi. Nufi inda sabuwar iska take shiga: bakin rafin da ke kwararowa, gaɓar da igiyar ruwa take dukan duwatsu, da ƙananan lunguna marasa zurfi waɗanda dama ba su rabu ba. Birgi, wato ragar jifa, ya fi aiki a irin wuraren, domin kifin ya taru kuma ya yi la'asar. A farkon damina bakin rafi kuma hanyar masu ƙwai ce, tarwaɗa da 'yan uwanta suna hawa su hayayyafa. Masu datse bakin gaba ɗaya da taru mai ƙaramin ido suna cin na baɗi ne tun bana, kuma bai kamata Sarkin Ruwa ya kau da kai ba.

Dagulewar takan ɗauki kwana kaɗan zuwa mako biyu, gwargwadon girman ruwa da ƙarfin iska. Babbar madatsa ba ta juyawa a rana ɗaya: ɓangaren da bai da zurfi ne yake fara juyawa ya kuma fara washewa, wajen bango ya zo daga baya. Mai injin jirgi yana iya tserewa dagulewar da tafiyar 'yan kilomita. Sai dai iskar da ke juya ruwa ita ce mai kifar da kwale-kwale, hadarin farkon damina kuma daga gabas yake tasowa da sauri. In gabas ta haɗe, a fita.

Guba ce ko juyawa

An sha yin rigima a bakin ruwa kan wannan, ana zargin wani ya zuba Gamalin ko maganin feshi alhali ruwa ne ya juya. Ana iya rarrabewa. Idan rashin iska ne, abin da asuba yake tsananta ya lafa da rana, manyan kifi ne suke fara mutuwa, tarwaɗa da kwaɗi suna harkarsu, kuma an yi hadari, iska ko sanyi kafin nan. Idan guba ce, ba ta zaɓen lokaci, ƙananan kifi ne suke fara faɗuwa, suna juyi suna fizge-fizge, tarwaɗa ba ta tsira, kwaɗi da ƙwarin ruwa ma suna mutuwa.

Kifin da aka kama da ransa yana haki saboda rashin iska ana cinsa. Wanda aka tsinta a mace ba a san tun yaushe ba, a duba jan naman nan da ke ƙarƙashin marfin kunnensa: in ya koɗe ko yana yauƙi, ido ya faɗa, ciki ya kumbura, a binne shi, kada a kai banda. In akwai alamar guba, ba a ci ba a sayarwa, a sanar da Sarkin Ruwa da jami'an kifi na jiha, a kuma ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta tun a ranar.

Bayan ya lafa

Yanzu iska ta kai har gindi, kifi ya watsu ko'ina. Kamun kowane kalli yakan ragu, ba don kifi ya yi ƙaranci ba sai don ya sami fili. Wannan ne lokacin komawa zurfi: ramukan tsohon kogi, gindin duwatsu da wajen itatuwa, inda giwan ruwa da ragon ruwa suke komawa. Raba kaya a zurfi uku na kwana biyu ko uku, wanda ya fi kamu ka tattara a can.

A hunturu sanyi yana rage wa kifi ci. Karfasa tana ja da baya sosai idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20, kuma takan hau gefe mai zurfin mita 1 zuwa 2 tsakanin azahar da la'asar don shan ɗumi. Mai birgi ba ya bukatar sammako a watannin nan. Mai fatsa ya rage girman abinci, ya kuma yi haƙurin barinsa wuri guda.

Takin da ya taso daga gindi yana sa ruwa ya yi kore bayan mako ɗaya zuwa uku. Ƙananan kifi suna bin koren, manya suna bin ƙanana. Farin faranti mai faɗin santimita 20 da aka ɗaura wa igiya ya isa awo: in ya ɓace wa ido kafin santimita 30 saboda kore, koren ya yi yawa, za a iya samun ƙarancin iska da asuba, musamman bayan kwana biyu na lumshi.

Masu keji da masu kududdufi

Kifin keji ba shi da inda zai gudu, shi ya sa juyawar da masunci zai yi wa ƙorafin mako guda take iya kwashe wa mai kiwo jarinsa cikin dare. Kada a kafa keji a saman rami mafi zurfi ko a lungun da ruwa ba ya gudana, ragowar abinci da kashi suna taruwa a ƙasa su ƙara ruɓa. Da an ga alamar juyawa a tsayar da abinci gaba ɗaya, domin kifin da ya ƙoshi ya fi bukatar iska. Kwana biyu ko uku ba ci ba zai kashe shi ba. A kunna injin ban ruwa ya riƙa watsa ruwa sama yana faɗowa cikin kejin, daga tsakar dare har rana ta ɗaga. Bakin tiyon da ke zuƙa kada ya wuce rabin mita daga sama: in ya nutse zurfi, mataccen ruwan zai jawo ya zuba wa kifin. Farfelar injin jirgi da aka ɗaure kusa da keji ma tana taimakawa.

A kududdufin ƙasa, maganin tun kafin damina ake yinsa. A ƙarshen bazara a rage yawan kifi, a daina zuba taki, a riƙa zuƙe ruwan gindi kaɗan-kaɗan ana zubarwa a gona ana maye shi da sabo. A daren da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, a zagaya da tocila wajen ƙarfe 3 zuwa 5 na asuba. In karfasa ta cika sama tana buɗe baki, kuma tafi ko jifa bai sa ta nutse ba, a tada injin nan take, kada a jira gari ya waye.